Numfashin Motar Mushe

Talata, 16 ga Mayu, da hantsi

Sun kawo motar Mushe Yusha'u, tsohon malaminmu. Mushe muke ce wa malamin boko a nan. Bijimai biyu suka jawo ta da igiya tun daga unguwarsu har ƙofar gidana, ƙanena Sabi'u na ciki yana riƙe da bolan, wato sitiyari. Daga gindin bishiyar bedi na hango su suna tahowa a hankali cikin zafin nan mai rawa, kamar ba ƙasa suke takawa ba. Farar Pijo kat-san-kat, mai lamba 404. Ta girmi aurena, ta girmi garejinmu. Mahaifina ne ya fara duba ta, da ya rasu ta dawo hannuna. Tun da ƙafafun Mushe suka daina ɗaukarsa take kwance ƙarƙashin rumfa, kaji na yin ƙwai a kujerar baya.

Bayan shanun sai ga Inna Maryamu, matar Mushe. Ta zauna bakin tabarmata ta yi mini sannu da jiki, sannan ta yi magana mai tsawo. Na yi ta gyaɗa kai. Matata Zubaida ta fito da ruwan sha, ta durƙusa ta gefena na dama, ta kawo bakinta kusa kamar mai gyara mini wuyan riga.

"Baban Marwa, Inna ta ce Mushe na son a tada motar kafin ruwan fari. Shina son ya tahi gonarsa ta Baudeta ranar shuka, cikin motarsa, ba ta kowa ba. Ya ce kai kaɗai za ka taɓa ta."

Na ce, "Ai na ji."

Mushe ne ya koya mini karatu a lakwal, makarantar boko, wannan rubutun ma daga hannunsa na samo shi. Ba zan ce masa a'a ba.

Ban daɗe da dawowa daga asibiti ba. Sanƙarau ya kwantar da ni, Allah ya tashe ni. Wuya ya saki, zazzaɓi ya tafi. Ban koma gareji ba tukuna saboda zafi. Lafiyata lau.

Laraba, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Na buɗe kapo, murfin injin. Zanzaro ya yi gini a mashigar iska, ɗaki bisa ɗaki. Na kwance karburata na shimfiɗa kayanta a kan farantin Zubaida. Tsohon esansi, wato fetur, ya bushe a ciki, ya zama ja kamar ƙaro. Na wanke, na hura kowane ɗan rami da bakina, ina ɗaga shi sama har na ga ɗigon haske ta ciki.

Mahaifina kan ce mota abu biyu take ci, iska da esansi, karburata kuma ita ce mai dama su. In esansi ya yi yawa mota ta yi baƙin hayaƙi ta dinga nishi kamar wanda ya ƙoshi. In ya yi kaɗan ta dinga tari tana zafi. Duk wannan ɗan bis guda ne, ƴar ƙusa mai murɗi, ke riƙe da shi, bai kai ƙaramin yatsa ba. Ka murɗa ciki ka rage mata, ka murɗa waje ka ƙara. Shi Baba in zai murɗa sai ya rufe ido ya karkata kai. Haka na koya, haka nake yi tun ina saurayi. Daga nan Tasawa har Mayahi, duk mai tsohuwar mota ya san ni da wannan karkata kai.

Garin ya yi shiru kwanakin nan. Ina ganin lasifikar masallacinmu ta lalace, sai na ga mutane sun nufi can nake tashi in yi alwala. Injin markaɗen Zubaida ma ya yi laushi, mata na shiga da bokitai suna fitowa, shi kuwa kamar ƙudan zuma a cikin tulu.

Juma'a, 19 ga Mayu, bayan masallaci

Liman ya rage murya. Tsufa ne.

Lahadi, 21 ga Mayu, da sassafe

Na yi mafarki ina yaro, a tsohon garejin Baba na bakin kasuwa. Komai na da murya. Zabi na kuka bayan danga, wata mata na daka tana buga taɓarya a gefen turmi, mai ruwa na kaɗa gwangwani. Har faɗuwar ganyen bedi na ji, kas, a kan kwano. Baba ya sunkuya cikin motar Mushe, ita kuwa tana numfashi a hankali, daidai, daidai, kamar jariri ya sha ya ƙoshi. Ya ɗago ya ce, "Ka ji ta?" Na ce na ji. Ya ce, "To riƙe." Ya miƙo mini ƙarar a tafin hannunsa, da ɗumi, kamar ɗan tsako.

Na farka na tarar Zubaida ta share tsakar gida kaf, ta wanke tukwane, ban motsa ba. Da can tsintsiyarta ce ke tashina.

Yau kasuwa. Ba zan shiga ba, cunkoso na sa ni jiri.

Litinin, 22 ga Mayu, da yamma

Sabi'u ya kawo batir da bidon, wato jarkar esansi. Na mayar da karburata, na zuba mata kaɗan a maƙogwaro, na shiga na murɗa kile, makullin tada ta. Ina murɗawa, ina jira ta kama. Ina murɗawa. Sai ganin Sabi'u na yi ya zuro hannu ta taga ya fizge nawa daga kile, idonsa waje. Ashe ta daɗe da tashi. Ni kuwa ina ta gurza mata haƙora.

Shekara talatin ina wannan aiki, ko ɗan koyo ban taɓa bari ya yi haka ba.

Na fito. Baƙin hayaƙi ya cika ƙofar gida, yana yaji a ido. Sabi'u na ta magana yana nuna kunnensa, yana nuna nawa. Na juya na sunkuya cikin kapo.

Na ce, "Hankalina ne ya tafi wani wuri."

Ya zagayo ta gabana, ya buɗe baki sosai. "Yaya, likita ya ce ka koma Maradi su duba. Ranar ta wuce."

"In na gama motar Mushe."

Abin da likitan ya faɗa ranar sallama ba zan rubuta shi nan ba. Saurayi ne, bai daɗe da fitowa karatu ba, kuma shi da kansa ya ce wani lokaci abin kan dawo.

Ta tashi dai. Wannan shi ne labarin yau.

Alhamis, 25 ga Mayu, da hantsi

Tun shekaranjiya nake kan ɗan bis ɗin nan. Na bari ta yi ɗumi, na ɗora tafin hagu a kafaɗarta, turnabis, abin murɗa bis, a dama. Ta nan rawar injin ke hawowa, ta wuyan hannu, ta gwiwar hannu, har haƙorana. Na kuma ajiye kofin shayi cike da ruwa a kan rufinta ina kallon fuskar ruwan. In ta yi tuntuɓe ruwan ya yi tsalle.

Na murɗa ciki, ta shaƙe ta mutu. Na tada ta, na murɗa waje, ta yi ta hawa da sauka kamar mai hawan tudu da kaya. Tsakanin biyun nan akwai wani wuri inda take kwantawa, na san shi kamar ƙofar ɗakina. Na neme shi na rasa. Na ciro buji, fulogin da ke ba ta wuta, baƙi ƙirin da su kamar gindin tukunya, alhali kalar soyayyar gyaɗa ake nema.

Wani lokaci ina tsaye hannu a kanta sai in manta abin da nake yi. Inuwar bedi ta yi ta yawo a kan farin fenti, akuya ta wuce tana buɗe baki, yara su gifta da gudu ba sawu. Kamar duk garin an sa shi cikin randa an rufe. Ba daɗi, ba kuma ciwo. Lafiyata lau.

Asabar, 27 ga Mayu, bayan azahar

Na je gaida Mushe. Na tsorata. Mutumin da in ya tsaya bakin allo yake rufe rabinsa, yau bargo kaɗai ya fi shi kauri. Inna Maryamu ta nuna mini kwanon kunu, ta nuna da yatsa iya inda ya sha. Bai kai gaɓa ɗaya ba.

Ya yi magana, leɓensa na motsi kaɗan-kaɗan. Na ce, "Haka ne, Mushe." Ya sake. Na ce, "Ƙwarai kuwa." Sai ya tsaya yana dubana, irin duban da yake wa yaron da ya kwafi aikin wani. Ya sa Inna ta tada shi ta jingina shi da bango, fuskarsa ta fuskanci hasken ƙofa. Ya yafito ni kusa.

"Dubi bakina, Muniru. Kamar lokacin dikte."

Ya rarraba kalmomin ɗaya bayan ɗaya, yadda yake yi mana shifta a aji.

"Tana tari?"

"Tana tari, Mushe."

"Ni ma." Ya yi murmushi. "Wa zai riga wani warkewa?"

Na ce ita za ta jira shi. Ya girgiza kai, ya nuna sama ta taga. Gabas ta fara tara farin gajimare.

"Gonar nan ubana ya sare ta. Ban taɓa fashin shuka ba sai bara. Bana ba ni son a ba ni labari."

Bai tambaye ni komai game da ni ba. Da zan tafi ya kama kunnena na dama ya ɗan ja, kamar da, sannan ya shafa shi ya saki.

Talata, 30 ga Mayu, da la'asar

Ina sunkuye cikin kapo Zubaida ta taɓa bayana. Hannunta duk ƙullun wake. Ta zagayo ta dama.

"Baban Marwa, akwai wani fito a cikinta. Siriri, kamar butar shayi ta kusa tafasa. Tun ranar da ta tashi nake jin shi daga cikin gida."

Na ce ba wani fito.

"Akwai. Ta wajen nan." Ta nuna gindin karburata.

Ban san daga ina abin ya taso mini ba. Na ce mai injin markaɗe ce za ta koya mini mota? Na ce ta koma kan wakenta. Ina ganin da ƙarfi na faɗa, don matan da ke layi da bokitai duk sun waiwayo.

Ta dube ni. Sai ta juya mini baya, ta tsaya, na ga kafaɗunta da ɗankwalinta na motsi. Magana take yi. Ta daɗe tana yi. Sannan ta shige gida.

Shekara ashirin da wani abu muna tare, ba ta taɓa yi mini abin da ya kai wannan ciwo ba.

Laraba, 31 ga Mayu, da safe

Ba mu yi magana ba. Ko kuma ita ta yi.

Juma'a, 2 ga Yuni, kafin magariba

Hadari ya haɗu, baƙi har ƙasa, ya taso daga gabas. Na ga walƙiya ta tsaga shi, na ga kaji sun watse, wata yarinya ta toshe kunnuwa ta ruga. Ni kuwa wani abu ne ya bugi ƙirjina a hankali, kamar an rufe ƙofa a gida mai nisa. Iska ta kwashe hadarin ta yi yamma da shi. Ko ɗigo.

Da ya zuba, da yau na kunyata.

Sabi'u ya zo ya ce in bari ya ja motar zuwa gareji ya gwada, ba wanda zai sani, in ya so ni in kai ta. Yaron kirki ne ƙanena, amma shi a kan sababbin motoci ya buɗe ido, waɗanda na'ura ke faɗa maka ciwonsu. Kuma Mushe zai sani. Na kusa cewa to. Na ce ya ba ni zuwa Lahadi.

Marwa ta kira daga Mayahi, ɗiyata. Uwarta ta miƙo mini tarho. Na riƙe shi a kunne ina cewa na'am, na'am, Allah ya yi albarka, har hasken ya mutu. Ban san tun yaushe ta ajiye ba.

Asabar, 3 ga Yuni, da hantsi

Na ɗauko sabulun wanki na kaɗa kumfa a gwangwani. Na tada motar, na shafa kumfar zagaye da gindin karburata, daidai inda yatsa mai ƙullun wake ya nuna. Na tsuguna ina kallo.

Ta bayan, inda ido ba ya kai wa sai an leƙa, kumfar ta lotsa. A hankali, kamar wani na tsotsa daga ciki. Na ƙara, ta sake shanyewa. Takardar da ke tsakanin karburata da injin ta tsage, iska na satar hanya tana shiga. Shi ya sa duk yadda na dama sai ya tsinke. Da can da na ji wannan tun kafin in buɗe kapo.

Na daɗe tsugune. Sannan na kashe motar na shiga gida.

Tana bakin injinta, ba kowa a layi. Na tsaya gabanta har ta ɗago, ta kashe injin.

Na ce, "Akwai fiton."

Ta gyaɗa kai.

Na ce, "Zubaida, ba na ji. Na hagu ya mutu. Na dama sai an kawo baki, shi ma kamar daga cikin rijiya."

Ta wanke hannunta a bokiti, ta goge da zane, ba gaggawa. Ta ja ni muka zauna bakin turmi, fuskarta a haske.

"Na sani tun ranar da ka farfaɗo. Na kira ka, ka ci gaba da kallon rufin asibiti."

"Mi ya hana ki faɗa?"

"Naka ne. Ina jira ka kawo shi da bakinka."

Na tambaye ta abin da ta ce ranar da ta juya mini baya.

"Zaginka na yi, tas. Tun aurenmu nake tarawa, sai ranar na samu dama."

Na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma ba dariya ba ce. Ta bar ni na gama. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ta dai riƙe mini gwiwa.

Lahadi, 4 ga Yuni, da la'asar

Na yanka sabuwar takarda, na ɗora, na ɗaure. Kumfa ta zauna lafiya.

Zubaida ta rufe injinta da wuri ta fito da sabon zane, wai ba za ta yi aikin gareji da tsumma ba. Ta tsaya gabana ta ɗaya kafaɗar motar. Muka shirya: in ƙarar ta hau ta ɗaga hannu, in ta sauka ta sauke, in ta yi tuntuɓe ta karkaɗa yatsu. Na murɗa ciki, hannunta ya yi ƙasa yana karkarwa. Na dawo waje kaɗan-kaɗan, hannun ya taso, ya taso, ya tsaya a sama kamar shirwa ta samu iska. Na wuce, ya fara lilo. Na koma.

Ban san lokacin da ta rufe ido ta karkata kai ba. Ba wanda ya koya mata.

Hayaƙin ya washe. Ruwan kofi ya kwanta, sai ƴar rawa mai kyau a fuskarsa. Na rage mata gudu har ta dawo numfashin mai barci. Zubaida ta buɗe ido ta ce, "Shi ke nan, ta yi."

Amma tafin hannuna na jin wani abu. Can cikin numfashin, jefi-jefi, akwai ɗan nauyi, kamar mai tafiya da ƙaya ƙarama a takalmi. Na faɗa mata. Ta sake saurare ta ce ita ba ta ji komai ba. Na bar shi a inda ta ce. Ita ke da kunne.

Maƙwabta sun tsaya suna kallonmu. Su kalla.

Talata, 6 ga Yuni, da azahar

Mun zaga da ita har bakin gudoro, titin kwalta, mun dawo. Buji sun yi kalar gyaɗa. Saura sama.

Alhamis, 8 ga Yuni, bayan magariba

Ƙamshi ne ya tashe ni da asuba. Ƙasa ta sha. Na fito na tarar tsakar gida ta zama tafki, sama a wanke, Zubaida na tsaye da ɗankwali jiƙe tana dariya. Ta ce an kwana ana yi kamar da bakin ƙwarya, ni ina barci.

Muka kai motar ƙofar gidan Mushe. Sabi'u da wani maƙwabci suka ɗauko shi a kujera suka ajiye a zaure. Na bar ta tana aiki, na buɗe kapo. Ya rufe ido ya saurara. Ya daɗe. Sannan ya ɗaga yatsa ɗaya, ya yafito ni, ya nuna bakinsa.

"Ta yi kyau. Amma esansi ya ɗan yi mata yawa. Kaɗan. Tana jan ƙafa."

Na dubi Zubaida. Na ɗora tafina a kafaɗar motar, na sa turnabis, na murɗa ciki, abin da bai fi kaurin farce ba. Ƙayar ta fita. Na ji fitarta a tafina tun kafin in ɗago. Da na ɗago, Mushe ya sauke yatsansa yana gyaɗa kai, ido a rufe.

Zubaida ta ce, "To, malami da ɗalibi kun haɗe mini kai."

Muka kwantar da shi a baya, kansa a cinyar Inna Maryamu. Zubaida a gaba kusa da ni. Hanyar Baudeta ta yi laushi, yashi ya kwanta, ruwa na kwance a ramuka da sama a cikinsa. Motar na tafiya kamar kwalekwale. Ko'ina mutane ne a gonaki, layi-layi, mai sungumi a gaba yana sara, masu iri a baya suna jefawa suna rufewa da diddige. Duk a shiru, duk a hankali, kamar masu sallah. Ta madubi na ga Inna ta ɗago kan Mushe don ya gani.

A gonar, ƴaƴan ƙaninsa sun riga sun fara. Na shiga da motar har cikin gona, abin da bai taɓa yarda a yi ba. Ba ya iya sauka. Muka buɗe ƙofa, muka zaunar da shi ƙafafunsa na lilo. Aka sara masa rami nan gindin ƙofar, aka zuba masa iri a hannu. Hannun na rawa, gero ya zube da yawa, wani a ramin wani a gefe. Inna Maryamu ta cire takalmi ta tattara da ƙafa, ta rufe, ta danna da diddige.

Ya ce a ba shi ƙasar. Aka ɗebo masa jiƙaƙƙiya, ya shinshina, ya riƙe ta a dunƙule har muka dawo Tasawa.

Lahadi, 11 ga Yuni, bayan azahar

Mun kai Mushe. Ya cika da hantsi, Inna na ba shi ruwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

A maƙabarta na tsaya sahun gaba kusa da liman, don in ga ɗaga hannunsa.

Laraba, 14 ga Yuni, da yamma

Na koma gareji. Kafin kowa ya buɗe baki na ce musu kunnena ya tafi, wanda zai yi mini magana ya tsaya gabana, kada ya yi ihu. Suka dubi juna. Wani direban garin Kanan-Bakashe da ya kawo tsohuwar motar kasuwa ya dube ni ya dubi Sabi'u, ya ce zai dawo wani lokaci. Bai dawo ba. Wani direban kuma ya tsaya.

Sabi'u zai raka ni Maradi ranar Litinin. Abin da suka ce, shi ke nan.

Asabar, 17 ga Yuni, bayan la'asar

Inna Maryamu na takaba, ba ta fita. Ta aiko a kira ni da Zubaida. Ta zauna bakin ƙofar ɗakinta inda haske yake, ta yi magana a rarrabe, ta koya wurin mijinta.

"Ku ɗauki motar ku tahi ku gano mini ramin nan. Ku dawo ku faɗa mini gaskiya."

Muka tafi mu biyu. An sake ruwa shekaranjiya, gonaki sun yi kore siriri kamar gashin jariri. Sawun tayoyinmu na nan cikin gonar bai goge ba. Muka bi shi har inda ya tsaya.

Geron ya fito. Ko'ina a gonar tsiro uku ne, huɗu ne, a kowane rami. Nan kuwa cunkus, tsiro a kan tsiro, kamar an dasa tsintsiya. Ɗan ƙanin Mushe ya zo ya tsuguna, ya ce sun yi yawa, za su kashe juna, sai an cire an bar uku. Ya kai hannu. Zubaida ta riƙe masa wuyan hannu, ta ce ya bari a tambayi mai shi tukuna.

Da muka dawo na durƙusa gaban Inna na faɗa mata yadda muka gani, da abin da yaron ya ce. Ta ci gaba da jan carbi. Na zuba wa bakinta ido.

"Shi da ya yi shekara arba'in da yara tamanin a aji ɗaya," in ji ta, "bai taɓa korar ko ɗaya ba. Ku bar masa su duka."